Lisinopril a kantunan maganin Kano: amfaninsa da tarinsa tushensu ɗaya

Duk wanda yake sayen maganin hawan jini a Kano, ko don kansa ko don wani dattijo a gida, da wuya a ce bai taɓa riƙe katin lisinopril a hannunsa ba. Ƙwaya ce ƙarama da ake sha sau ɗaya a rana, an fi samunta a miligiram 5 da 10 da 20, kuma tana cikin magungunan hawan jini mafiya araha, tun daga manyan kantunan magani na titin gidan Zoo har zuwa ƙananan kemis na lungunan Fagge da Kurna. Na daɗe ina shan maganin tare da amlodipine, wani maganin hawan jinin, bisa umarnin likita, saboda hawan jinina ya haɗu da ciwon suga, kuma hukuncina a kansa shi ne magani ne nagari wanda ya ci kuɗinsa. Sai dai ba na kowa ba ne, alhali a garin nan ana miƙa shi a kan kanta kamar duk maganin hawan jini abu ɗaya ne. Alherinsa da aibinsa, a ganina, ba za su fahimtu ba sai mai saye ya san wani sinadari na jikinsa da ba a rubuta sunansa a bayan kwali ba, wato biradikinin.

Biradikinin ɗaya ne daga cikin dangin sinadaran da masana suke kira kinin, kuma jiki ne yake haɗa abinsa. Hanta tana sarrafa wani babban furotin mai suna kininojin ta zuba shi a cikin jini, yana ta yawo ba ya aikin komai, har sai wani inzayim, wato sinadarin da ke sarrafa wasu sinadarai a jiki, da ake kira kalikirin ya yanko ɗan guntu daga jikinsa. Idan kalikirin na cikin jini ne ya yi yankan, guntun da yake fitowa shi ne biradikinin, mai ƙwayoyin amino 9 kacal. Idan kuwa kalikirin na cikin gaɓoɓi ne, irin wanda ake samu a ƙoda da yawu da gumi, sai a sami ɗan'uwansa kalidin mai ƙwayoyi 10, wanda shi ma cikin sauƙi yake rikiɗa ya koma biradikinin. Wannan ɗan guntu yana sauka a kan wasu makarɓa, wato wuraren karɓar saƙonsa, da ke jikin shimfiɗar da ta lulluɓe cikin jijiyoyin jini. Makarɓan iri biyu ne. Na B2 suna nan kullum a jikin mai lafiya, su kuwa na B1 ba sa yawaita sai inda aka sami rauni ko kumburi. Da zarar biradikinin ya taɓa B2, shimfiɗar jijiyar takan saki iskar naitirik oksaid da wani sinadari mai suna furostasaikilin, waɗannan kuma su sa naman da ya naɗe jijiyar ya saki jiki, hanyar jini ta buɗe, matsin jinin ya ragu. A ƙoda kuma yana taimakawa wajen fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, wanda shi ma wata hanya ce ta saukar da jini.

To amma biradikinin ba buɗe jijiya kaɗai yake yi ba. Yana sassauta haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin shimfiɗar ƙananan jijiyoyi, har ruwan jini ya riƙa tsattsafowa cikin nama, kuma yana tsokanar jijiyoyin jin zafi. Ja da ɗumi da kumburi da raɗaɗin da mutum yake gani a wurin da ya buge ko ya ƙone, da hannun kinin a ciki. Saboda haka jiki ba ya barin sa ya daɗe: cikin ƙasa da daƙiƙa 30 rabin abin da ke cikin jini ya lalace, kuma yawancinsa a huhu ake karya shi yayin da jini yake ratsawa.

Abin da ya haɗa wannan labari da ƙwayar da ke kan kantar kemis shi ne inzayim ɗin da yake aikin karyawar. An daɗe da sanin wani inzayim mai suna ACE, wanda yake mayar da anjiyotensin na ɗaya ya koma anjiyotensin na biyu, sinadarin da yake matse jijiyoyi ya kuma sa ƙoda ta riƙe gishiri. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1970 wani masani a Amurka mai suna Ervin Erdos da abokan aikinsa suka nuna cewa babban inzayim ɗin da ke lalata biradikinin shi ne dai wannan ACE ɗin. Kamar almakashi ɗaya ne da tela yake yanka ƙyalle iri biyu da shi: da yanka ɗaya yana samar da abin da ke hawar da jini, da ɗaya yankan kuma yana kashe abin da ke saukar da shi. Aikin lisinopril shi ne ya daƙushe wannan inzayim. Don haka duk wanda ya haɗiyi ƙwayar abu biyu ne suke faruwa a jikinsa lokaci guda, anjiyotensin na biyu yana raguwa, biradikinin kuma yana taruwa. Takardar da ke cikin kwali takan yi bayanin na farko, ta wuce na biyu da sauri, alhali kusan duk koke-koken da masu shan maganin suke yi daga na biyun suke fitowa.

Tarihin maganin kansa daga kinin ya faro, kuma maciji ne sila. A 1948, a wata cibiyar bincike da ke birnin Sawo Paulo na ƙasar Barazil, Mauricio Rocha e Silva da abokan aikinsa biyu, Wilson Beraldo da Gastao Rosenfeld, suna nazarin dafin wani maciji da ake kira jararaka, wanda dangin kububuwarmu ne, sai suka ga idan dafin ya haɗu da ruwan jini yana fitar da wani abu mai saukar da jini ƙwarai. Nan ne aka gano biradikinin, kodayake tun kafin nan masu bincike a Jamus, su Emil Frey da Heinrich Kraut da Eugen Werle, sun riga sun gano kalikirin. A 1965 wani ɗalibin Rocha e Silva mai suna Sergio Ferreira ya sake gano cewa a cikin dafin akwai wasu sinadarai da suke ƙara wa biradikinin ƙarfi ta hanyar hana a karya shi. Ya tafi da su ɗakin binciken John Vane a Landan, inda aka tabbatar cewa suna kuma hana samuwar anjiyotensin na biyu. A kan wannan tubali ne Miguel Ondetti da David Cushman na kamfanin Squibb suka ƙera captopril, magani mai daƙushe ACE, a 1975, Amurka ta amince da shi a 1981, enalapril ya biyo baya a 1985, sannan lisinopril a 1987. Babu dafin maciji a cikin ƙwayar da muke sha, a ɗakin harhaɗa magunguna ake yin ta, na faɗi haka ne domin na san yadda irin wannan magana take canja kama idan ta shiga majalisa.

Ta fuskar sauƙin sha, lisinopril ya fi magabatansa nesa ba kusa ba. Captopril sai an sha shi sau biyu ko uku a rana, kuma an fi so a sha kafin a ci abinci. Shi kuwa lisinopril sau ɗaya ya wadatar, abinci ba ya hana shi shiga jiki, hanta ba ta da aikin sarrafa shi, ƙoda ce take fitar da shi yadda ya shiga. Ga ɗan kasuwar da yake fita Kwari ko Singa tun da safe ba ya dawowa sai bayan magariba, ko ga mai azumi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ba ya kumbura ƙafa yadda amlodipine yake yi wa wasu, ba ya tayar da suga, ba ya sa mutum zaryar fitsari. A nawa jikin, jirin da na ji idan na miƙe da sauri a farkon fara sha shi ne kawai abin da zan ambata, shi ma ya wuce da kansa.

Inda maganin ya fi nuna darajarsa kuwa shi ne wajen masu ciwon zuciya da masu ciwon suga da ƙodarsu ta fara zubar da furotin a fitsari. A wani gwaji da aka yi a ƙasashen arewacin Turai aka buga a 1987, enalapril ya rage mace-macen masu matsanancin raunin zuciya da kashi 40 cikin 100 a cikin wata shida, kuma tun daga lokacin dangin wannan magani suka zama ginshiƙi a jinyar zuciya. Kariyar da yake ba ƙoda ta fi zuwa daga rage anjiyotensin na biyu, domin hakan yana sassauta matsin da ke kan matatun ƙodar. Amma biradikinin ma ba ɗan rakiya ba ne. A 1998 masu bincike a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun ba mutane captopril, sannan suka haɗa musu da icatibant, wani magani da yake toshe makarɓan B2, sai suka ga saukar jinin ta ragu da kusan rabi. Ma'ana, wani babban kaso na abin da muke biyan kuɗi dominsa aikin kinin ne. Wannan ne ya sa ba na ganin tarin da maganin yake kawowa a matsayin alamar jabu ko rashin inganci, kamar yadda na sha ji ana faɗa. Ingantaccen lisinopril ma yana sa tari, domin tarin daga ainihin aikinsa yake fitowa.

Tarin nan shi ne babban aibin maganin a rayuwar yau da kullum, kuma a Kano ya fi ɓoyuwa fiye da wurare da yawa. Busasshen tari ne marar majina, mai farawa da ƙaiƙayi a maƙogwaro, yakan tsananta da dare idan an kwanta. Yana samun tsakanin kashi 5 zuwa 20 cikin 100 na masu sha, ya fi kama mata, kuma abin mamaki ya fi kama waɗanda ba sa shan taba. Dalilinsa shi ne huhu ne matattarar ACE, idan aka daƙushe shi sai biradikinin da wasu sinadaran da yake karyawa su taru a hanyoyin numfashi, su mayar da jijiyoyin wurin masu saurin harzuƙa, har ɗan abin da bai kai ya kawo ba ya tayar da tari. Yana iya farawa bayan kwanaki kaɗan, yana iya jira sai bayan watanni, kuma wannan jinkirin ne yake sa mutane ba sa danganta shi da maganin. Wanda ya fara sha da damina, tarin ya taso masa a watan Disamba, ba shakka ƙurar hunturu zai ɗora wa laifi, kuma kowa zai gaskata shi.

Haka ta faru da yayata, wadda aka ɗora a kan lisinopril bayan an auna jininta a wani asibiti. Ta sha ruwan maganin tari kala-kala, ta sha zuma da citta da kanumfari, an ba ta magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kemis har kashi biyu, daga baya hankalin 'ya'yanta ya tashi aka kai ta gwajin tarin fuka, sakamako ya nuna babu komai. Wata mai harhaɗa magunguna ce a wani kanti, da aka je sayen wani ruwan tarin, ta tambaya: "Hajiya, wane maganin hawan jini kike sha?" Da ta ga katin sai ta ce, "Ki koma wurin likitanki da wannan, ki gaya masa tun yaushe tarin ya fara, kada ki daina sha da kanki." Likita ya canja mata zuwa wani maganin hawan jinin mai suna losartan, tarin ya tafi. Kuɗin da aka kashe a kan tarin ya ninka kuɗin maganin hawan jinin sau da yawa, don haka arahar da ake yabon lisinopril da ita tana iya zama tsada ga wanda ba a gargaɗe shi ba. Gwajin tarin fukar da aka yi mata ba ɓarna ba ne, domin a ƙasarmu duk tarin da ya kai mako biyu ya cancanci a duba shi, musamman idan da rama ko zufar dare ko jini a majina. Abin da nake cewa shi ne a riƙa ambata wa likita sunan maganin hawan jinin tun a zaman farko. Babu ruwan tarin da yake warkar da wannan tari, ko mai kodin ɗin da gwamnatin tarayya ta haramta a watan Mayun 2018. Daina maganin ne kawai yake kawar da shi, yawanci cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci har wata uku, kuma komawa kan enalapril ko ramipril ba ya raba mutum da shi, tun da duk inzayim ɗaya suke daƙushewa.

Akwai aibi na biyu wanda bai kai tari yawa ba amma ya fi shi haɗari nesa, kuma a nan ne nake ganin masu sayarwa sun fi gazawa. Idan biradikinin ya taru fiye da kima a ƙarƙashin fata, ruwan da yake tsattsafowa daga jijiyoyi yakan kumbura leɓe ko harshe ko fatar ido ko maƙogwaro. Kumburin ba ya ƙaiƙayi, ba ya zuwa da ƙuraje irin na borin jini, sau da yawa gefe ɗaya yake kamawa, mutum ya farka da asuba ya ga leɓensa na sama ya yi suntum. Adadin waɗanda abin yake samu bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, sai dai binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa baƙar fata sun fi fararen fata fuskantar sa da kamar ninki uku zuwa biyar. Yana iya zuwa a makon farko, yana iya zuwa bayan shekaru ana shan maganin lafiya lau. Mutanenmu kuwa idan suka ga irin wannan sukan ce cizon ƙwaro ne, ko wani abu aka ci, ko sammu, a nemi Piriton a sha a jira. Matsalar ita ce Piriton da allurar haidirokotizon an yi su ne domin kumburin da histamin, sinadarin da ke kawo borin jini, yake haddasawa, wannan kuwa na biradikinin ne, shi ya sa ba sa yi masa wani abin kirki. Idan harshe ko maƙogwaro ne ya kumbura, ko murya ta canja, ko haɗiyar yawu ta yi wuya, babu abin yi sai a garzaya sashen gaggawa na babban asibiti, irin na Murtala ko na Malam Aminu Kano ko na Nassarawa, inda za a iya buɗe wa mutum hanyar numfashi idan ta toshe. Wani lokaci ma a hanji kumburin yake faruwa, ya zo da murɗawar ciki da amai da aka rasa dalilinsu.

Masana sun ƙara fahimtar wannan kumburi ne ta hanyar wata cuta ta gado da take samun kamar mutum ɗaya cikin 50,000. Masu ita an haife su da ƙarancin wani furotin da yake taka wa kalikirin burki, abin da Virginia Donaldson ta gano a 1963, don haka jikinsu yakan yi ambaliyar biradikinin lokaci zuwa lokaci ba tare da sun sha komai ba. Su ne ake yi wa jinya da icatibant, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2008, Amurka kuma a 2011, magani mai tsadar gaske wanda ba kayan kemis ba ne. Duk gidan da aka san wani yana yin irin wannan kumburi haka kawai, lisinopril ba nasu ba ne ko kaɗan.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai saye: shin yana saukar da jinin Bahaushe yadda ya kamata? Shi kaɗai, ba sosai ba. Hawan jinin yawancin baƙar fata irin wanda gishiri da riƙe ruwa suke turawa ne, sinadarin renin da yake fara samar da anjiyotensin ba shi da yawa a jikinsu, don haka toshe wannan hanya ba ya yin tasirin da yake yi ga Bature. An kuma daɗe da lura cewa kalikirin da ke fita a fitsarin masu hawan jini ya fi na masu lafiya ƙaranci, kuma na baƙar fata ya fi ƙasa. A babban gwajin ALLHAT da aka buga sakamakonsa a 2002, wanda ya ƙunshi mutum sama da 33,000, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙar fata, an ga jinin baƙaƙen da aka ba lisinopril bai sauka kamar na waɗanda aka ba maganin sa fitsari mai suna chlorthalidone ba, kuma shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu da kashi 40 cikin 100. Wanda ya fi kusa da mu shi ne gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta tare da likitoci daga Ibadan da Kano da wasu ƙasashe biyar, wato Kamaru da Kenya da Uganda da Mozambik da Afirka ta Kudu. An gwada haɗin magunguna biyu-biyu a kan mutum 728, aka ga duk haɗin da yake da amlodipine a ciki, ko da maganin fitsari ko da perindopril, ɗan'uwan lisinopril, ya fi haɗin perindopril da maganin fitsari saukar da jini. Abin da na ɗauka daga nan shi ne lisinopril abokin tafiya ne nagari ga amlodipine, kuma wajibi ne ga wasu masu ciwon zuciya da suga da ƙoda, amma ga wanda hawan jini kawai yake da shi, ba shi ne ya kamata a fara miƙa masa shi kaɗai ba.

Maganar mata masu haihuwa gajeriya ce amma ba ta da sassauci. Lisinopril da danginsa duka, har da losartan, suna lalata ƙodar ɗan tayi, su ƙafar da ruwan mahaifa, su iya kashe shi. A garin da mace takan yi wata biyu ko uku da ciki kafin ta faɗa wa kowa, kuma kishiya ko maƙwabciya takan ba ta ƙwaya daga nata katin idan ta yi kukan ciwon kai, wannan gargaɗi ya kamata ya fito daga bakin mai kanti kafin ya karɓi kuɗi. Mai ciki ko mai neman ciki akwai nata magungunan, irin su methyldopa da nifedipine da labetalol, kuma a wurin awo ake tsara mata su.

Wasu abubuwan da muka saba da su ma suna rage wa maganin ƙarfi ko su mayar da shi cuta. Na farko su ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake zubawa a cikin haɗin da ake ƙulla wa leburori da 'yan adaidaita sahu a leda da yamma. Waɗannan suna hana jiki samar da furostasaikilin da danginsa, wato suna datse ɗaya daga cikin hanyoyin da biradikinin yake bi ya buɗe jijiya, sannan idan suka haɗu da lisinopril da maganin fitsari suna iya durƙusar da ƙoda. Na biyu shi ne ƙarancin ruwa a jiki. A zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, ko azumi ya faɗo a bazara, ko gudawa da amai suka kama mutum, jini yana iya faɗuwa ƙasa sosai ƙoda kuma ta wahala, don haka a tambayi likita tun kafin lokacin yadda za a yi da maganin a irin waɗannan ranaku. Na uku gishiri ne, da dunƙulen ɗanɗano, da kanwa, wadda yawancinta sinadarin sodiyom ne, saboda haka mai shan kunun kanwa kullum yana warware aikin ƙwayarsa da hannunsa. Gishirin masu hawan jini da ake sayarwa a manyan kantuna shi ma ba mafita ba ne a nan, domin fotasiyom ne a cikinsa, lisinopril kuwa yana sa jiki ya riƙe fotasiyom, yawansa kuma yana rikita bugun zuciya. Dalili ke nan da ya sa ake son a yi gwajin ƙoda da na fotasiyom kafin a fara, a maimaita bayan mako ɗaya zuwa biyu, gwajin da na lura mutane da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba duk da sun shekara suna sha.

Game da ingancin abin da ke kasuwa, na sha na kamfanoni daban-daban, na gida da na Indiya da kuma Zestril mai tsada, kuma a ma'aunin da nake auna jinina a gida ban ga bambancin da zai sa in ce lallai sai mai tsadar ba, muddin akwai lambar NAFDAC a jiki kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Abin da na fi dubawa shi ne kantin. Ana son a ajiye maganin a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, kuma kemis ɗin da rufin kwano ne babu silin babu fanka, katunan magani suna jere a gilashin da rana take duka, ba zai iya cika wannan sharaɗi a Kano ba. Tun da aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Kanawa da ke Dangwauro a kan titin Zariya a farkon 2024, ajiyar sari ta samu tsari, amma daga can zuwa hannun mai sha akwai sauran tafiya. Akwai kuma al'adar yanka kati a sayar da ƙwaya uku ko biyar, wadda na fahimci talauci ne ya kawo ta, sai dai tana raba mai saye da kwali da takardar bayani da ranar ƙarewar wa'adi, ta kuma koya masa shan maganin hawan jini sai ranar da kansa ya yi ciwo. A lura kuma da cewa akwai kwalayen da aka haɗa lisinopril da maganin fitsari hydrochlorothiazide a ƙwaya ɗaya, sunayensu sun yi kama da na zallan, kuma na ga yaron kanti ya miƙa wannan a madadin wancan ba tare da ya ce komai ba.

Wanda tari ya hana shi sakat, losartan da valsartan da telmisartan suna nan a yawancin manyan kantuna, sun ɗan fi tsada. Su ba sa taɓa ACE, makarɓan anjiyotensin na biyu suke toshewa, don haka biradikinin yana ci gaba da karyewa yadda ya saba, tari kuma ba ya cika zuwa. Ba a haɗa su da lisinopril a sha tare. Masu ciwon zuciya da likita zai mayar da su kan sabon haɗin nan na sacubitril da valsartan su ma sai sun bar awa 36 tsakanin ƙwayar lisinopril ta ƙarshe da ta farkon sabon, domin sacubitril yana toshe wani inzayim na daban da shi ma yake karya biradikinin, idan aka rufe hanyoyin biyu a tare haɗarin kumburi yana ƙaruwa sosai. Haka ma masu ciwon suga da suke shan vildagliptin ko sitagliptin, ya kamata likitansu ya san suna kan lisinopril. Wanda kuwa leɓensa ko harshensa ya taɓa kumbura a kan wannan magani, ko sau ɗaya ne kuma ko ya sace da kansa, ya sa a rubuta masa a katin asibiti, ya kuma gaya wa mutanen gidansa da suke zuwa sayo masa magani cewa duk sunan da ya ƙare da "pril", captopril ne ko enalapril ko ramipril ko perindopril, ba a sake kawo masa shi.